Yadda Ake Gyara Fuskar Garin Titaniya Ya Yi Aiki da Hasken da Ido Ke Gani: Jagora ga Ɗalibanmu na Kumasi

Na rubuta wannan domin ƙannena na Aboabo, Asawase, Sabon Zango da sauran unguwanninmu, maza da mata, masu karatun kemistiri ko injiniyanci a KNUST da sauran makarantu, waɗanda ke son yin aikin shekarar ƙarshe a kan tsabtace ruwa da hasken rana. Dalilin sha'awar ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya san rafin Aboabo ko Subin ya san launin ruwansu da warinsu, rana kuwa Allah ya hore mana ita ba mu biyan ko sisi. Aikin mai yiwuwa ne da kayan da ake samu a ɗakin gwaji na jami'a. Inda ake yawan zamewa shi ne wajen tabbatar da cewa garin titaniya (TiO2) da aka haɗa shi ne ya yi aikin, don haka a nan zan fi daɗewa.

Abin da ke faruwa a fuskar ƙwaya

A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda suka nuna a Japan cewa titaniyam dayoksaid, wato TiO2, idan hasken UV, wanda ido ba ya gani, ya sauka a kansa, yana taimakawa wajen raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin. Daga nan fannin fotokatalisis, wato amfani da haske da irin wannan gari wajen farfasa sinadarai, ya samo ƙarfinsa. Haske yana ɗaga elektron daga matakin ƙasa zuwa matakin sama, ya bar gurbi a inda ya tashi. Idan elektron ɗin da gurbin suka iso fuskar ƙwayar ba su sake haɗuwa a hanya ba, elektron ya kama oksijin ya mai da shi sufa'oksaid, gurbin kuma ya kama ruwa ya fitar da haidiroksil mai tsananin ci. Su ne ke farfasa rini, maganin ƙwari da ragowar magunguna har su koma iskar CO2 da ruwa.

Tsakanin matakan biyu akwai tazara. Ku ɗauki elektron kamar yaro a bakin babbar kwata: ko ya tsallaka gaba ɗaya, ko ya tsaya inda yake, babu rabin tsalle. Ana auna wannan tazara da ma'aunin ƙarfi mai suna eV: a nau'in TiO2 da ake kira anatas faɗin kwatar eV 3.2 ne, a nau'in rutail kuma eV 3.0. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 1240 da tazarar, a sami tsawon zangon hasken da zai iya tsallakar da shi. Anatas yana buƙatar hasken da bai wuce nanomita 387 ba, rutail kuwa wajen 413. Hasken UV bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na ƙarfin ranar da ke iso ƙasa ba, alhali wanda ido ke gani, daga nanomita 400 zuwa 700, ya haura kashi 40. Farin garin TiO2 yana barin mafi yawan ranar Kumasi ta wuce shi a banza. Duk gyaran da za mu yi, manufarsa ko dai a ajiye dutsen takawa a tsakiyar kwatar, ko a manna wa ƙwayar wani abu mai shan hasken da ita ba ta iya sha, ya miƙo mata elektron.

A fuska ake gyaran domin a can ake aikin. Garin TiO2 na kamfani mai suna P25, wanda kusan kowa ke gwada nasa da shi, ƙwayarsa wajen nanomita 21 ce, giram ɗaya yana da faɗin fuska kusan murabba'in mita 50, kuma haɗi ne na anatas kusan kashi 80 da rutail kusan kashi 20. Ku nemi P25 na gaskiya ko anatas na ɗakin gwaji. Farin hodar da ake sa wa fenti ma TiO2 ce, amma da gangan masana'anta ke lulluɓe ta da silika ko alumina don kada ta yi aiki da haske ta cinye fentin. Ba za ta amfane ku ba.

Kafin a kunna tanderu

Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa ƙurar TiO2 a rukuni na 2B, wato tana iya jawo kansa idan ana shaƙarta. Garin yana da laushi ƙwarai, yana tashi da ɗan motsi. Ku sa takunkumi mai tace ƙura, safar hannu da tabarau, ku yi awo nesa da fanka. Yuriya idan ta ji wuta tana fitar da ammoniya da wasu iskoki masu ƙona huhu, don haka tanderun ya kasance cikin akwatin zuƙar hayaƙi ko inda aka haɗa masa bututun fitar da iska waje. Finol yana ƙona fata yana kuma shiga jiki ta cikinta. Sodiyam naitirait guba ce idan ta shiga baki. Ku tanadi jarka daban ta zuba ruwan gwaji, musamman mai jan ƙarfe ko azurfa. Bai dace mai neman gyara rafin Wiwi ya zuba masa ƙarfe ta bututun wanke hannu ba.

Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi tun ranar farko. Kowane kaso na gari ya sami lamba, kwanan wata, nauyi, zafin da aka kai da tsawon lokaci. Idan dumso ya katse wuta ana tsakar gashi, ku rubuta, ku ajiye wannan kason gefe, ku sake sabo. Garin da ya huce a rabin hanya aka sake ɗora shi ba ɗaya yake da wanda ya gasu a jere ba.

Hanya ta farko: gasa shi da yuriya

Wannan ita ce mafi arha, da ita nake ba kowa shawarar farawa. A 2001 Ryoji Asahi da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Toyota suka wallafa cewa sa naitirojin cikin TiO2 yana sa shi aiki da hasken da ido ke gani, kuma tun daga lokacin ake neman hanyoyi masu sauƙi na yin haka.

Ku auna giram 1 na P25 da giram 2 na yuriya. Ku niƙa su tare a turmin ɗakin gwaji na minti 15 zuwa 20, har ya zama ba a rarrabe ƙwayar yuriya. Kada ku yi ha'inci a niƙan, domin inda yuriya ta taru nan launi zai taru. Ku zuba a kaskon gashi mai murfi, ku rufe ba tare da liƙewa ba. Ku ɗaga zafi a hankali, digiri 5 a minti, zuwa digiri 400 na Salshiyas, ku riƙe shi a nan awa 1 zuwa 2, ku bar shi ya huce a cikin tanderun. Gari mai launin rawaya zai fito. Ku wanke shi sau uku da tataccen ruwa, ku busar a digiri 80, ku sake niƙawa kaɗan.

Kada zafin ya zarce sosai. Daga digiri 500 zuwa sama naitirojin yana guduwa, garin ya koma fari. Daga wajen 600 zuwa 700 kuma anatas yana rikiɗewa zuwa rutail, ƙwayoyi su manne da juna, faɗin fuska ya ragu.

A rana ɗaya, a tanderu ɗaya, ku gasa giram 1 na P25 shi kaɗai babu yuriya. Shi ne zai nuna muku abin da zafi kaɗai ya canza.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku rubuta rahoto. A 2008 Dariusz Mitoraj da Horst Kisch a Jamus suka nuna cewa a wannan hanya ta yuriya, yawancin naitirojin ba ya shiga cikin ginin kiristal. Yuriyar tana rikiɗewa ne zuwa sinadarai masu zobba, dangin melem da melon, su manne a fuskar ƙwayar su riƙa shan haske. Saboda haka idan ba ku yi awon XPS ba, wanda ke nuna yadda sinadaran fuska suke haɗe, kada ku rubuta cewa naitirojin ya maye gurbin oksijin. Ku ce kun gyara fuskar da naitirojin, wannan shi ne abin da za ku iya karewa gaban malamai.

Hanya ta biyu: haɗa shi da kabon naitiraid

A 2009 Xinchen Wang da abokan aikinsa suka nuna cewa kabon naitiraid, wato g-C3N4, gari mai rawaya da babu ƙarfe a cikinsa, yana aiki da hasken da ido ke gani. Tazararsa eV 2.7 ce, wato yana shan haske har zuwa wajen nanomita 460, ɓangaren shuɗi.

Ku zuba giram 10 na yuriya a kasko mai murfi, kada ya wuce rabin kaskon. A nan murfin yana da muhimmanci fiye da ɗazu: idan babu shi komai zai tashi ku tarar da kasko wayam. Ku kai digiri 550, ku riƙe awa 2 zuwa 4. Kada ranku ya ɓaci idan abin da ya rage bai kai giram 1 ba, haka yuriya take. Melamin ya fi ba da yawa, amma garinsa a dunƙule yake fitowa, faɗin fuskarsa kaɗan ne. Takin yuriya na shagunan kayan noma zai iya isa gwajin hannu na farko, amma yana ɗauke da wasu ƙare-ƙare, don haka sakamakon da zai shiga rahoto a yi shi da yuriyar ɗakin gwaji.

Don haɗawa, ku watsa g-C3N4 cikin mililita 50 na etanol a injin girgiza da sauti na minti 30 zuwa awa 1, ku zuba P25, ku ci gaba da juyawa a ɗan zafi har etanol ya ƙafe, sannan ku gasa a digiri 400 na awa 1 don su kama juna sosai. Ku yi kaso uku ko huɗu, misali g-C3N4 kashi 10, 30 da 50 cikin 100 na nauyi. Gashin ƙarshen nan shi ne ke raba haɗi na gaske da cakuda. Elektron ɗin da haske ya ɗaga a g-C3N4 yana gangarawa cikin TiO2 ne kawai idan fuskokinsu suna manne, kuma wannan rabuwar ce ke hana shi komawa gurbinsa. Ku ajiye wani kaso da aka gauraya da cokali kawai ba a gasa ba. Idan shi da gasasshen suka ba da sakamako ɗaya, haɗin bai kama ba.

Ku sani kuma gurbin da ke g-C3N4 ba shi da ƙarfin na TiO2, ba ya iya fitar da haidiroksil kai tsaye daga ruwa. Sufa'oksaid ne ke ɗaukar yawancin nauyin. Shi ya sa ruwan gwajin ke buƙatar iska: ku riƙa juyawa da kyau, kada ku toshe kwalba.

Hanya ta uku: ɗigon jan ƙarfe a fuska

Wannan ita na fi so, domin tana nuna yadda abu kaɗan ke sauya aiki. Hiroshi Irie da Kazuhito Hashimoto da abokansu a Japan suka fito da ita a 2008. Jan ƙarfen da ake sawa kashi 0.1 ne kacal cikin 100, wato miligiram 1 a giram 1 na TiO2.

Ma'auni ba zai ba ku wannan ƙanƙanin nauyi daidai ba, don haka ku yi ruwan ajiya. Ku narka giram 0.268 na CuCl2·2H2O a tataccen ruwa, ku cika zuwa mililita 100. Kowace mililita tana ɗauke da miligiram 1 na jan ƙarfe. Ku watsa giram 1 na TiO2 a mililita 9 na ruwa, ku ƙara mililita 1 na ruwan ajiyar, ku rufe, ku ɗora a digiri 90 kuna juyawa na awa 1. Ku tace, ku wanke sosai, ku busar a digiri 110 na awa 24. Ba a gasa wannan a tanderu. Zafi mai yawa zai tara jan ƙarfen ya zama manyan ƙwayoyin CuO, abin da ake nema ya lalace.

Garin ba zai sauya launi sosai ba, sai ɗan alamar kore-kore da ƙyar ido ke kamawa. Amma haske mai tsawon zango wajen nanomita 450 yana iya ɗauke elektron daga matakin ƙasa na TiO2 kai tsaye zuwa ɗigon jan ƙarfen, shi kuma ya miƙa wa oksijin. Gurbin yana nan a wurinsa na asali da cikakken ƙarfinsa, abin da hanyar naitirojin ke rage wa ke nan. Zuciya za ta raya muku ku ninka jan ƙarfen sau goma don aiki ya ƙaru. Ku gwada a kaso daban ku gani da idonku: idan ya yi yawa yana rufe fuska, ya zama mahaɗar da elektron da gurbi ke kashe juna. Masu hanyar sun gwada ta ne a kan rutail da gurɓataccen iska. A cikin ruwa, musamman mai tsami, jan ƙarfen yana iya saki ya narke, saboda haka ku auna shi a ruwan bayan gwaji.

Azurfa da zinariya

Ƙananan ƙwayoyin zinariya suna shan haske sosai a wajen nanomita 520, na azurfa a wajen 400, kuma suna iya miƙa wa TiO2 wannan ƙarfin. Ƙasarmu ƙasar zinariya ce, Obuasi tana nan kusa, amma gishirin zinariya na ɗakin gwaji daga waje ake sayo shi da tsada, ban ga dalilin ɗalibi ya fara da shi ba. Azurfa ta fi sauƙi: miligiram 15.7 na AgNO3 a giram 1 na TiO2 yana ba da kashi 1 cikin 100. A watsa a mililita 100 na tataccen ruwa mai ɗan metanol kashi 10, a ajiye ƙarƙashin fitilar UV ko tsakar rana ana juyawa na minti 30 zuwa awa 1, garin zai yi duhu. Kada ruwan famfo ya taɓa shi, kulorayid ɗin ciki zai kama azurfar. In kuma kashe ƙwayoyin cuta kuke gwadawa, ku tuna azurfa tana kashe su ko a cikin duhu.

Gwajin da zai faɗi gaskiya

Gari ya yi rawaya ko toka, wannan yana nufin yana shan haske, ba ya nufin yana aiki da shi. Yawancin hasken da aka sha zafi kawai yake zama. Gwaji ne zai raba gardama, kuma sai an tsara shi da kyau.

Abu na farko shi ne zaɓen abin da za a farfasa. Kusan kowa metilin bulu yake ɗauka, don yana da arha, ana auna shi a nanomita 664, kuma ido yana ganin shuɗin yana gushewa. Matsalar ita ce rinin da kansa yana shan hasken da ido ke gani, ya cusa elektron cikin TiO2, ya jawo wa kansa lalacewa. Wannan dabarar ce O'Regan da Grätzel suka gina batirin rana a kanta a 1991. Ke nan ko farin P25 da ba a taɓa ba zai iya kashe launin rini a hasken da shi kansa ba ya sha. Bunsho Ohtani da abokansa sun ja kunne a kan wannan tun 2006. Rodamin B ma haka yake. Ku yi amfani da rini don gwajin share fage idan kuna so, amma hujjar da za ku tsaya a kanta ta fito daga abu marar launi kamar finol.

Abu na biyu, hasken. Idan kun ce hasken da ido ke gani, to UV kada ya shiga. Fitilar LED shuɗiya mai nanomita 450 ko fara, irin da ake samu a shagunan kayan lantarki na Adum, ta dace, domin kusan babu UV a cikinta. In da fitilar zenon ko rana za ku yi, ku sa matatar haske mai yanke abin da ke ƙasa da nanomita 400 ko 420. Idan babu ta gilashi, ku narka giram 69 na sodiyam naitirait a lita 1 na ruwa, ku zuba a faffaɗan kwanon gilashi mai zurfin santimita 1 zuwa 2, ku ɗora a saman mazubin gwajin, ku kuma rufe gefunansa da takardar alminiyam don kada haske ya zagayo. Nisan fitila da ruwa kada ya canza daga gwaji zuwa gwaji. Ku sa alama a tebur.

Ga yadda gwajin yake tafiya. Ku zuba mililita 100 na finol mai ƙarfin miligiram 10 a lita, ku sa miligiram 50 zuwa 100 na garin, ku auna pH ku rubuta. Fuskar P25 tana sauya caji a wajen pH 6: ƙasa da haka tana jan abubuwa masu cajin nagatif, sama da haka tana jan masu fozitif irin metilin bulu, don haka gwaji biyu masu pH daban ba a kwatanta su. Ku juya cikin duhu na minti 30 zuwa awa 1 har abin da zai manne a fuska ya gama mannewa. Awon da kuka yi bayan duhun shi ne mafarinku, ba wanda kuka zuba ba. Wannan ya fi muhimmanci ga g-C3N4 na yuriya, mai faɗin fuska, wanda kan tsotse rini da yawa tun fitila ba ta kunnu ba. Sai ku kunna, ku riƙa ɗibar mililita 3 kowane minti 20 ko 30 na awa 3 zuwa 4. Ku raba garin da santirifuj ko matatar sirinji mai maikuromita 0.22. Ko ɗan gari kaɗan ya rage zai ɓata awon.

Finol yana shan haske a nanomita 270, kuma a nan sai da mazubin kwaz, domin na roba da na gilashi suna tare UV. Amma abubuwan da finol ke fara rikiɗewa zuwa gare su, haidirokwinon da katekol, su ma a kusa da nan suke sha, har awon ya yi kamar bai motsa ba ko ma ya hau. Hanyar 4-aminoantifairin, wadda ke ba da jan launi da ake aunawa a wajen nanomita 510, ta fi dacewa, na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya kuma ta fi duka idan kun sami dama. In za a iya auna COD, wato yawan oksijin da ake buƙata don ƙona dauɗar ruwan, ko jimlar kabon a farko da ƙarshe, ku yi, domin ɓacewar finol daban, komawarsa CO2 daban.

Kowane gari sai an jera shi da abokan gwaji: haske babu gari, gari babu haske, P25 ɗanye a wannan hasken, da P25 da aka gasa shi kaɗai. Ku maimaita kowanne sau uku. Ku zana ln(C0/C) a kan lokaci, inda C0 shi ne awon mafari, C kuma awon kowane ɗiba, gangaren layin shi ne k, da shi ake kwatanta gari da gari. Kada ku yi mamaki idan aikin ya yi jinkiri. A ƙarƙashin LED, finol ya ragu da kashi 30 ko 40 cikin awa huɗu alhali P25 bai taɓuka komai ba, wannan sakamako ne mai daraja da za ku tsaya a kansa da ƙarfin gwiwa.

Idan kuna son sanin wane ne ke aikin, ku maimaita gwajin da ɗan aisofurofanol mai kama haidiroksil, ko benzokwinon mai kama sufa'oksaid, ko amoniyam okzalet mai toshe gurbi. Wanda ya fi rage gudun aikin ya nuna muku hanya. Benzokwinon yana da launi, yana iya shiga awonku, ku auna shi shi kaɗai tukuna.

Gwajin tsakar rana a Kumasi yana da nasa sharaɗi. Damina biyu muke da ita, gajimare yana rufe rana cikin ƴan mintoci, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu tana rage haske. Ranar Litinin da ta Laraba ba ɗaya ba ce. Ku jera dukkan mazuban a lokaci ɗaya, wuri ɗaya, tsakanin ƙarfe 11 da 2. Ku rufe su da gilashi, ku auna nauyinsu kafin da bayan gwaji, domin ruwan da ya ƙafe yana sa abin da ya rage ya yi kauri ya ɓoye muku aikin da aka yi. Ku riƙa rubuta zafin ruwan.

Awon garin kansa

A XRD, awon da ke nuna ginin kiristal, anatas yana fitowa a digiri 25.3, rutail a 27.4. Babban layin g-C3N4 shi ma a wajen 27.4 yake, ƙaramin kuma a 13.1, saboda haka a haɗin P25 da g-C3N4 layukan biyu suna hawa kan juna. FTIR, awon shan hasken infrared, zai warware muku: g-C3N4 yana da siririn layi a wajen 810 da jerin layuka tsakanin 1200 da 1650. Jan ƙarfe kashi 0.1 ba zai fito a XRD ba, rashin ganinsa ba ya nufin babu shi. A awon shan haske na busasshen gari, idan kun ga babban gefen yana nan a wajen nanomita 390 zuwa 410 sai wata jela da ta miƙa cikin shuɗi, to tazarar TiO2 ba ta ragu ba, sabon mataki ne ko sabon abu ya samu a fuska. Ku rubuta shi yadda yake.

Daga kwalba zuwa ruwan gaske

Ku tattara garin bayan gwaji, ku wanke, ku busar, ku auna nauyinsa, ku sake amfani da shi sau huɗu ko biyar. Kowane zagaye ana asarar wani abu a matata, don haka ku rage ruwan gwajin daidai da garin da ya rage, in ba haka ba za ku zargi garin da mutuwa alhali raguwa ya yi. Ku lura ko rawayar tana kwashewa.

Sai ku ɗebo ruwan gaske. Na masu rinin batik da ɗaure-ɗaure yana zuwa da soda mai ƙuna da haidiros, hodar da ke sa rini ya narke, pH ɗinsa a sama sosai, launinsa kuma ya yi kaurin da haske ba zai ratsa ko santimita ɗaya ba. Ku fara daidaita pH, ku sa alif ya kwantar da dauɗa, ku tace da yashi, sannan fotokatalisis ya zo a ƙarshe ya share abin da ya rage. Baikabonet da kulorayid na cikin ruwan suna cinye haidiroksil, don haka gudun zai ragu fiye da na tataccen ruwa, ku auna ku rubuta bambancin. Ruwan kogunan da galamse ya lalata, irin Offin da Pra, matsalarsa laka ce da ƙarafa masu guba irin makuri. Haske ba ya ratsa laka, ƙarfe kuma ba ya farfashewa ya ɓace, don haka wannan fasaha ba ita ce maganin farko a can ba. Ruwan da kuka gwada a kai ma ba na sha ba ne, ko da ya yi garau.

Babu mai rini da zai sayi santirifuj, saboda haka mataki na gaba shi ne manna garin a kan abu. Ku wanke gilashi ko tayil marar sheƙi da sabulu, sannan da etanol. Ku dama giram 1 na garin a mililita 20 na etanol, ku shafa siriri, ku bar shi ya bushe, ku maimaita sau uku, ku gasa a digiri 350 zuwa 400 na awa 1. Wannan ya dace da garin yuriya da na g-C3N4. Na jan ƙarfe kuwa, ku fara manna farin TiO2 ku gasa, sannan ku jiƙa tayil ɗin a ruwan jan ƙarfen mai digiri 90. Ku jingina tayil ɗin ya ɗan karkata, ruwa ya riƙa gangarowa a kansa siriri, ƙaramin famfo yana mai da shi sama. Ku auna nauyin tayil kafin shafawa, bayan gashi, da bayan kowace awa goma ta gudun ruwa, don ku san nawa ne ke saɓulewa ya bi ruwan.